Ra'ayinmu: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Layi?

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin biranenmu bayan sallar isha'i zai tarar da wata al'ada da ta kafu ba tare da an yi shawara da kowa ba. Masu gidaje su haɗa kuɗi, su kira maƙeri ya kafa ƙyauren ƙarfe a bakin layi, a danna kwaɗo, wai maganin ɓarayi.

Ba mu raina tsoron da ya kai su ga haka. Wanda 'yan fashi suka taɓa tasa daga barci ba ya bukatar ɗalibi ya koya masa darajar ƙyaure. Kuma dabarar takan yi aiki: a birnin Liverpool na Ingila, wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna fasa gidaje ya ragu da kashi 37 cikin ɗari inda aka rufe lunguna. Amma fa lungunan bayan gida ne, waɗanda aka shata domin kwasar shara, ba hanyar da jama'a ke bi zuwa asibiti ba.

Namu kuwa titin gwamnati ake rufewa, wanda aka shimfiɗa da harajin kowa. Mace mai naƙuda ta iso ƙarfe biyu na dare, mai mabuɗi ya yi tafiya. Motar 'yan kwana-kwana ta yi ta kewaye alhali wuta na ci. Mai ga-ruwa da lebura, waɗanda ba su taɓa satar ko allura ba, su ne ke ƙara tafiya da ƙafa. Shi kuwa ɓarawo me zai hana shi gangarawa unguwar da ba ta da kuɗin maƙeri?

Wasu kan kafa hujja da ganuwar Kano, su ce ai kakanninmu ma rufe ƙofa suke yi. Haka ne. To, amma badala ta kewaye attajiri da talaka ne baki ɗaya, har da gonaki, kuma kowace ƙofa, daga ta Nasarawa har Kabuga, tana da sarkin ƙofa wanda hukuma ta san da zamansa. Wa ya naɗa mai kwaɗon layinku?

Gwamnatin Jihar Legas ta ba da umurni a 2009, ta kuma maimaita a 2016, cewa a bar irin waɗannan ƙofofi a buɗe daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare, in an rufe kuma lalle maigadi ya kwana a wurin. Muna ganin wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata jihohinmu su ɗauka, su ƙara da cewa layin da ke ɓullewa wata unguwa ba a rufe shi sam.

Ku 'yan'uwanmu da kuka kama aiki a ofisoshin tsara birane da ƙananan hukumomi, teburinku takardun neman izinin nan za su zo. Kafin ku sa hannu, ku je ku tambayi mutanen da ke zaune a bayan layin.