Hatimin Iyaka Ba Izinin Zama Ba Ne

Akwai wata dabara da waɗansu 'yan'uwanmu mazauna ƙasar Gana suke yi, wadda muke ganin ta isa a yi magana a kanta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yardar wa ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shiga maƙwabciyar ƙasa ba biza, ya yi kwana 90. To, in kwanakin sun kusa cika, sai mutum ya hau mota zuwa Aflawo, bakin iyakar Togo, ya ƙetare Lome, ya juyo a buga masa sabon hatimi. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru.

A ganinmu wannan kayan aro ne, ba ya rufe katara. Kwana 90 na mai ziyara ne. Wanda ya kafa shago ya ajiye iyali, takardar izinin zama ita ce tasa, ƙarin yarjejeniya na 1986 kuwa ya ba shi ikon nemanta.

Kada a manta da 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita daga Gana. Hausawa da yawa suka baro gidaje da dukiya. Nijeriya ma ta kori nata baƙin a 1983. Ran da al'amari ya rikice, fasfo cike da hatimai shaida ne a kan mai shi.

Ku malamai da akawuna, ku ne masu rubuta wa jama'a wasiƙu. Ku gargaɗi 'yan'uwa su nemi takardar nan tun ana zaman lafiya.