Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Akwai wata muguwar al'ada da ta zauna a ƙasar Auyo da sauran kwarin Haɗejiya, wadda ya kamata a yaƙe ta kamar yadda aka yaƙi jahilci. Watau a zauna shiru har watan Agusta ko Satumba, kogi ya cika ya batse, ya ci shinkafa, ya rushe ɗakuna, sa'an nan manya su zo cikin motoci da buhunan hatsi da tabarmi, a yi jaje, a watse. Haka aka yi a shekarar 2001, haka aka yi a 2020 da 2022. Buhun sadaka kuwa bai taɓa mayar wa manomi gonarsa ba.

Waɗansu sukan ce ai ruwa ikon Allah ne. Gaskiya ne. Amma toshewar hanyar ruwa sakacin mutane ne. Dā can Kogin Haɗejiya yakan janye da rani, ciyawa ta bushe. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana rani da damina. Manoman rani sun amfana, ba shakka, amma kacala ita ma ta sami wurin zama. Ta cika rassan kogi, laka ta taru a gindinta. To, ruwan da aka tare wa hanya, ina zai bi in ba cikin gari ba?

Abin da ke gaba kuwa ya fi na baya. Masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin kwal da man fetur. Sun kuma auna cewa in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, iska takan ɗauki ƙarin tururin ruwa wajen kashi 7 cikin 100. Saboda haka ruwan sama mai ƙarfi zai ƙara yawa, na makonni ya zuba cikin 'yan kwanaki. Wanda ke shakka ya tuna da Maiduguri, yadda madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga birni da dare. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.

Manyan biranen bakin teku sun fahimci wannan. A Ikko, inda teku ke cin gaɓa, an jera katangar manyan duwatsu don a tare ta. Can akan zauna a lissafa inda ruwa zai kai nan da shekaru masu yawa. Ashe ran mai shinkafa a Auyo bai kai a yi masa irin wannan lissafi ba?

Rani shi ne lokacin aiki. Tilas Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnatin Jigawa su yashe kogi, su kau da kacala, su ɗaga jinga kafin ruwan fari, su kuma sanar da ƙauyuka kwanaki kafin a saki ruwan madatsa. Dagatai su sa a yi alama a jikin bishiyoyi inda ruwa ya tsaya kowace shekara, a hana gina gida ko rumbu ƙasa da alamar. Kowace shekara kuma hukuma takan fitar da hasashen wuraren da ambaliya za ta shafa. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, hakkinsa ne ya nemi labarin, ya karanta wa jama'a a ƙofar dagaci, ya rubuta takarda ga shugaban ƙaramar hukuma ya tambayi ranar da za a fara aikin jinga. In an yi shiru, ya sake rubutawa. Don irin wannan rana aka koya masa riƙon alƙalami.