A Mayar da Ƙananan Kifi Ruwa Domin Amfanin Gobe

Ya kai manomi, kai ma malamin gona, kun san cewa mai hankali ba ya cinye irin da zai shuka baɗi, komai tsananin yunwa. Wannan ƙa'ida ita ce ya kamata ta yi aiki a kan kifin kogin Ngadda, da na tafkin Alau, da na fadamun Dusuman da sauran yankin Jere, inda manoma da dama ke haɗa noman shinkafa da su.

Ba kowane kifi ne ke saurin girma ba. Karfasa kan fara hayayyafa cikin watanni, amma giwan ruwa sai ya kai kimanin shekara uku, kuma manyan cikinsu galibi mata ne masu ɗauke da ƙwai mai yawa. Bargi da yauni kuwa sheƙa suke yi cikin ciyawa lokacin da ruwa ya cika fadama. Wanda ya kama su a kan sheƙa ya hallaka uwa da 'ya'yanta gaba ɗaya.

Ko teku, duk da girmansa, bai tsira daga wannan ɓarna ba. A ƙasar Kanada an yi ta kwasar wani kifin teku mai jinkirin girma har ya kusa ƙarewa. A 1992 gwamnati ta hana kamunsa, mutane kusan 30,000 suka rasa sana'a, kuma ba a ɗage hanin ba sai 2024. In haka ta faru a teku, ina ga ruwanmu da ke janyewa kowane rani?

Doka ma ta yi magana. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba ko nakiya, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku, sai ga wasu 'yan ƙananan nau'o'in da ba sa girma. Saboda haka mai su da gidan sauro ya saɓa doka, ya kuma cuci kansa.

Wani zai ce iyalinsa na jiran cefanen yau, kuma in ya saki kifin wani ne zai kama. Wannan magana tana da nauyi, shi ya sa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Sai masunta su zauna da bulama da lawani su tsai da girman idon raga, da wuraren da za a keɓe, da lokacin hutun ruwa. Mutanen Argungu sun daɗe suna hana su a Matan Fada sai lokacin bikinsu, kuma kowa ya ga irin manyan kifin da ke fitowa daga can.

In za ka saki kifi, kiyaye waɗannan:

1. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, don kada santsin da ke kare jikinsa ya goge.
2. Cire ƙugiya a hankali, kada ka sa yatsa cikin gefen kansa inda yake numfashi.
3. Kada ka ajiye shi a yashi ko a rana. Mayar da shi ruwa nan take.

Malamin gona, sanya wannan batu cikin taronka na gaba da manoma, tun kafin ruwa ya sake cika fadama.