Ra'ayin Jarida: A Goron Dutse Akwai Gandiroba, Ina Ma'aikacin Lafiyar Ƙwaƙwalwa?

Idan aka ambaci Goron Dutse a Kano, bayan dutsen kansa, abu biyu ne ke fara faɗo wa mutum a rai: gidan yari da gidan horon yara. Duka biyun hukuma ce ta gina su, ta zuba musu ma'aikata, tana biyan albashi wata bayan wata. A ƙaramar hukumar Gwale ɗin da Goron Dutse ke ciki, idan ka gangara Ɗorayi, nan ne cibiyar gyaran halin da duniya ta gani a rahoton BBC na ƙarshen watan Afrilun 2018 kan maganin tari mai kodin, inda aka nuno samari ɗaure da sarƙa a ƙasa. Wato dai wurin da za a kulle mutum idan hankalinsa ya gushe, ko halinsa ya gagari iyayensa, ba mu taɓa rasa shi ba. Abin da muka rasa shi ne ma'aikacin da zai tare shi tun ciwon yana ƙarami, a asibitin unguwarsu, ya saurare shi, ya gane abin da ke damunsa, ya ba shi magani, ya ce masa ya dawo bayan mako biyu.

Wannan jaridar na ganin cewa maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a Kano maganar ma'aikata ce kafin ta zama maganar gini. Muna kuma ganin cewa aiki ne na gwamnati, domin babu ɗan kasuwar da zai buɗe asibitin kuɗi saboda mai taɓin hankalin da ba shi da ko kuɗin adaidaita sahu.

Dubi yadda abin yake faruwa a zahiri. Mace ta haihu, an yi suna, 'yan barka sun watse. Sati uku bayan nan ba ta barci, ba ta cin abinci, jariri na kuka tana kallon bango. Aka kai ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Ba za ta ce wa jami'in lafiya tana cikin damuwa ba, domin ba haka muke faɗin ciwo ba. Za ta ce kanta na sara mata, gabanta na faɗuwa, jikinta ya mutu, wani abu na yi mata yawo a jiki. Shi kuma yana da layin mata masu awo da yara masu zazzaɓi har bakin ƙofa. Zai rubuta gwajin maleriya da taifot, ya ba ta farasitamol da maganin ƙarin jini, ya kira na gaba. Ba mugunta ya yi ba, abin da aka koya masa ya yi. Ta koma gida yadda ta zo, uwar miji ta ce iska ce, aka nemo mai ruƙiyya. Idan Allah ya sa abin ya lafa, shi ke nan. Idan ya yi tsanani har ta fara fisge-fisge, sai a ɗauko mota a nufi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ko kuma a ja ƙofar ɗaki a sa kwaɗo. Ciwon damuwa bayan haihuwa sananne ne a likitance, yana da magani, kuma ungozomar da aka horar za ta iya gane shi da tambayoyi kaɗan tun a ranar da aka kawo jariri rigakafi.

Asibitin Dawanau, wanda yanzu ya koma hannun gwamnatin tarayya, da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna iya bakin ƙoƙarinsu. Amma jiha mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 ba za ta rataya a wuyan asibiti biyu ba, balle ma har daga maƙwabtan jihohi ana kawo musu marasa lafiya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa ƙwararrun likitocin wannan fanni da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma waɗanda ake yayewa da dama jirgin Ingila ko Saudiyya ko Kanada suke bi. Wanda ke jiran sai likitocin sun wadata kafin a fara, to ya shirya jira har jikokinsa.

Ana yawan ɗora laifin a kan jama'a, a ce mutanenmu ba su yarda da asibiti ba, sun fi gaskata aljanu da sammu. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. A wani bincike da wasu likitoci suka wallafa a 2004, sun tambayi manya 250 a ƙauyen Karfi da ke nan jihar Kano. Abin da aka fi ambata a matsayin sanadin taɓin hankali shi ne shaye-shaye, sannan ƙaddara, sannan iskokai da sihiri. Da aka zo kan magani, kusan kashi 46 cikin ɗari suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka karkata ga malamai. A ƙauye ke nan, sama da shekara ashirin da suka wuce. Mutane na zuwa wurin malam ne domin malam na kusa, ƙofarsa a buɗe take da dare, yana jin yarensu, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma zuwa wurinsa ba ya ɓata wa 'yan matan gidan aure. Asibiti kuwa yana nesa, ga kuɗin mota, ga kuɗin kati, ga magani da za a saya duk wata, ga sunan da zai bi gidan idan aka ji an kai wani Dawanau.

Abin da ya faru a 2019 ya kamata ya zame mana darasi. A watan Satumba 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane kusan 300, wasu da mari a ƙafa. Aka bi da Daura da wasu garuruwa, gwamnatin Kano ma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. Mun goyi bayan wannan mataki, har gobe muna goyon baya, domin duka da yunwa da sasari ba su taɓa warkar da kowa ba. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can da hannunsu, har suna biyan kuɗi, ba don ƙiyayya suka kai su ba, sun rasa inda za su kai su ne. An rufe gidan mari ba a buɗe wata ƙofa ba, sai marin ya koma cikin gida. A watan Agustan 2020 aka ceto wani mutum a Farawa da aka ce iyalinsa sun kulle shi a garejin mota shekara bakwai. Wannan shi ne wanda maƙwabta suka tona. Allah kaɗai ya san adadin waɗanda ke bayan ƙyaure a lungunan cikin birni.

Haka batun ƙwaya. Kwana guda bayan rahoton BBC gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a jihar Kano. Kame da ƙona kayan maye aikin hukumar NDLEA ne, kuma tana yi. Amma yaron da jikinsa ya saba da tiramol mara lafiya ne, idan aka raba shi da ita ba tare da kulawa ba zai nemi wata. Cibiyar gyaran hali ta Ƙiru da ta Ɗorayi, ko an ninka su goma, ba za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi ba.

Doka dai an samu. Daga 1958 har zuwa 2023 ƙasar nan ta yi aiki da dokar mahaukata da ta gada daga wadda Turawa suka kafa a 1916, dokar da babban abin da ta sani shi ne a tsare mutum. A watan Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ba mara lafiya haƙƙi, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafa wa aikin. Tun 1991 ma manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan lafiya matakin farko. Sai dai dokar Abuja ba ta ɗaukar nas a Gwale. Asibitocin mazaɓu na ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha ne, ita ke ɗaukar ma'aikaci, ita ke tura shi, ita ke cika kantar magani ko ta bar ta fayau.

Kuma ba sai an je Turai neman dabara ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda marasa lafiya ke zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta zo ta koya daga gare shi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ƙananan jami'an lafiya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da gushewar hankali da matsalar shaye-shaye, su kula da mai sauƙi, su tura mai tsanani gaba. A Borno, bayan abin da Boko Haram ta bari a zukatan mutane, da irin wannan horo aka kai aikin asibitocin matakin farko da sansanonin 'yan gudun hijira. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada wani abu a Ibadan da Kumasi ta Gana, suka wallafa a 2020: ma'aikatan lafiya na ziyartar marasa lafiyar da ke kwance a wurin masu maganin gargajiya da na addini, suna ba da magani, ana aiki tare. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Mu da muke da malamin da jama'a ke ji da maganarsa a kowane lungu, wannan gwajin ya fi dacewa da mu fiye da kowa. Ba a ce malam ya daina addu'a ba. Ana so ne ya san alamar da idan ya gani zai ce a tafi asibiti, ya kuma san cewa sarƙa da bulala sun haramta a gare shi.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Kano da ta sa wannan aiki a kasafin kuɗi da sunansa, ba a cusa shi a ƙarƙashin wani kanu da za a cinye ba. A horar da aƙalla ma'aikaci biyu a babban asibitin kowace mazaɓa, mace da namiji, domin akwai maganar da matar aure ba za ta faɗa wa namiji ba ko za ta mutu. Horon kwana biyar a otal, a raba jaka da takardar shaida a watse, ba shi muke nufi ba. Sai an haɗa kowane rukunin asibitoci da likita ko nas daga Dawanau ko Asibitin Malam, wanda zai riƙa leƙowa yana duba fayil, ana kuma iya kiransa a waya. Sannan a daina yi wa wanda aka horar canjin wurin aiki bayan wata uku.

Sai magani. Yawancin magungunan da ake bukata tsofaffi ne masu araha, har da allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum. Ciwon yakan dawo ne ranar da kuɗin magani ya ƙare, uba ya auna tsakanin kwanon masara da katin ƙwaya, ya zaɓi masara. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, da asusun lafiya matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa suna da rukunin marasa galihu da ake biya wa. Idan mai taɓin hankalin da ba ya iya sana'a bai shiga wannan rukuni ba, wa zai shiga?

Ma'aikatan kansu sai an riƙe su da kyau. Nas ɗin da ya zaɓi wannan fanni yana shan tsokana hatta daga abokan aikinsa, ana ce masa zama da su zai sa ya zama su. Yana shan mari da cizo daga mara lafiyar da bai san yana yi ba. Idan babu alawus na haɗari, babu ƙarin girma a kan kari, babu gurbin ƙaro karatu, to wanda ya samu hanya zai tafi, kuma ba mu ga laifinsa ba. Haka jami'an walwalar jama'a, waɗanda su ne ya kamata su bi mara lafiya gida bayan sallama, su zauna da iyali, su lallashi maigidan sana'arsa ya mayar da shi bakin aiki. A ma'aikatu da yawa an mayar da su masu ajiye fayil.

Gidan yari da gidan horon yara su ma suna cikin lissafin. Kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, kuma a ƙasashe da dama kason masu ciwon ƙwaƙwalwa a cikin fursunoni ya fi kasonsu a cikin mutanen gari. Sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, wato mutumin da ya fi kowa bukatar likita shi ake miƙa wa gandiroba. Majalisar dokokin jiha na da ikon gyara wannan, kamar yadda ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Kafin nan, babu abin da zai hana Ma'aikatar Lafiya ta yi yarjejeniya da hukumar gidajen gyaran hali, a ware rana ɗaya a mako da nas ɗin ƙwaƙwalwa zai shiga gidajen yarin Goron Dutse da Kurmawa ya duba sababbin shiga. Wanda aka sallama kuma a ba shi takarda zuwa asibitin mazaɓarsu, da sunan ma'aikacin da zai karɓe shi da ranar da zai je.