Fataucin mata: wa Alƙur'ani ya ɗora wa laifi, wa muka ɗora wa?



A Madina, Abdullahi bn Ubayyu bn Salul, shugaban munafukai, yana da kuyangi da yake tilasta wa zina domin su kawo masa kuɗi. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa biyu daga cikinsu, Musaika da Umaima, sun kai kukansu ga Annabi (SAW), sai Allah Ya saukar da aya ta 33 ta Suratun Nur. Ayar ta haramta tilasta wa mata wannan ƙazanta don neman abin duniya, sannan ta rufe da ambaton gafarar Allah da rahamarSa ga waɗanda aka tilasta. Malaman tafsiri sun bayyana cewa son kamewa da aka ambata a ayar ba sharaɗi ba ne da zai halatta abin idan babu shi. Sifanta halin da ake ciki ne, da ƙara fito da munin mai tilastawa. Ke nan hukuncin ya rabu gida biyu: zunubi ga wanda ya tilasta, gafara ga wadda aka tilasta.

Shekaru fiye da 1,400 sun shuɗe, amma sana'ar Ibn Ubayyu ba ta mutu ba, sai ma tsallaka teku da ta yi. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin dole a faɗin duniya, kuma miliyan 6.3 daga cikinsu karuwanci ake tilasta musu. Kusan huɗu cikin kowane biyar na waɗannan mata ne da ƙananan 'yan mata. Babu nahiyar da ta tsira. Ana ɗibar 'yan matan ƙauyukan Nepal zuwa biranen Indiya, ana kwasar na Moldoba da Romaniya zuwa yammacin Turai, dillalai na kewaya sansanonin Musulmin Rohingya da suka tsere zuwa Bangaladesh a 2017. A 2014 kuwa ƙungiyar ISIS ta kame dubban matan Yazidawa a Sinjar da ke Iraƙi ta riƙa sayar da su da sunan addini, har malamai sama da 120 daga ƙasashe daban-daban suka rubuta wa shugabanta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna rushe hujjojinsa.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin wannan fatauci ta ƙofar gidanmu take bi: daga Benin a Jihar Edo zuwa Kano, daga nan zuwa Agadas, a ratsa Sahara zuwa Sabha a Libiya, sannan a hau kwalekwalen roba zuwa Italiya. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga matan Nijeriya sama da 11,000 da suka isa Italiya ta teku a 2016 kaɗai, ta kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 nasu na cikin haɗarin faɗawa hannun masu wannan fatauci. Wasu kuma ba su taɓa ganin Turai ba, a wuraren haƙar zinare na Mali aka zube su. Haka nan a garuruwanmu, akwai 'yan matan da ake yi wa romon baka da aikatau a ƙasashen Larabawa. Ba duk wadda ta tafi aiki ce aka yi fataucinta ba, amma wadda aka karɓe wa fasfo, aka hana ta fita da waya, aka ce sai ta biya kuɗin da ba ta san da shi ba, wannan ta shiga hannu.

Da igiya uku ake ɗaure su. Ta farko bashi: madam za ta ce kuɗin hanya, abinci da masauki sun kai Yuro 30,000 ko fiye, kuma kullum ƙara hawa yake. Ta biyu rantsuwa: a kai yarinya wurin matsafi, a yanki gashinta da farcenta, a ce ita ko iyayenta za su mutu idan ta tona asiri. Ƙarfin wannan tsoro ne ya sa a watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare II, ya tara matsafan masarautarsa ya warware duk irin wannan rantsuwa a bainar jama'a. Ta uku kunya: dillali ya san cewa ko ya buɗe ƙofa, yarinyar za ta tambayi kanta, in koma ina, da wane ido zan kalli mahaifina?

Shari'a ta tsinke igiyoyi biyu na farko. Bashin da aka gina kan yaudara domin a biya shi da haram ba bashi ba ne, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin Annabi (SAW) ga kuɗin da ake samu ta karuwanci. Rantsuwa a gaban tsafi ɓatacciya ce, ba ta hawa kan kowa, kuma rai da ajali suna hannun Allah Shi kaɗai. Dillalin kuwa, ya ishe shi tashin hankali cewa a hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah Ya ambaci wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Shi da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama.

Igiya ta uku ce abin tambaya a kanmu, domin mu muke tufka ta. Yarinya ta kuɓuto bayan shekaru na azaba, maimakon a tarbe ta, sai a shiga nuna ta da baki a gidan biki, maneman aure su janye, wani lokaci mahaifi ya ce ba ya son ganinta. Wadda ta yi dillancinta kuwa tana nan a unguwa, ana ce mata Hajiya, ana karɓar gudummawarta. Wanda ke biyan kuɗi ya shiga ɗakin, wanda ba don shi ba da kasuwar ba ta ci ba, ba a ma ambatonsa. Mun juya hukuncin Suratun Nur: mun yafe wa mai tilastawa, mun kama wadda aka tilasta. Duk wadda aka wulaƙanta bayan dawowarta, saƙo ne ga sauran da ke can cewa su haƙura su zauna.

Doka tana nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Palermo a 2000, Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta kuma sabunta dokarta a 2015. Amma doka ba ta kwana a tsakar gida. Iyaye ne ke can, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Saboda haka, ya ku iyaye, duk wanda ya zo da batun kai 'yarku aiki wani gari ko wata ƙasa, ko da ɗan'uwa ne, ku tambayi wurin aikin, sunan mai gidan, takardar yarjejeniya da izinin hukuma. Wanda ya ce ba sai kun biya komai ba, za ta biya idan ta isa, ya riga ya faɗa muku sana'arsa. Ku kai rahotonsa. Wadda kuma take can tana turo kuɗi, ku san daga ina suke fitowa kafin ku ci. Ya ku ɗalibai, tallan aiki da soyayyar da ke zuwa ta Facebook da WhatsApp daga wanda ba ku taɓa gani ba, ku nuna wa na gaba da ku kafin ku amsa. Masu hannu da shuni su tuna cewa aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya matalauta da matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin masu cin zakka, kuma wadda ta maƙale a Libiya ba ta da kuɗin komowa, ko ta dawo ba jari, ta shiga cikinsu. Mu masu hawa mumbari kuma, mu faɗa ƙarara cewa wadda aka tilasta ba mazinaciya ba ce, jifanta da wannan suna zalunci ne a kan zalunci, kuma aurenta halal ne.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya suturta waɗanda suka dawo, Ya tsare mana zuriya. Amin.