Kujeru 80 na PNDS-Tarayya: a Madarunfa, wa talaka zai riƙe wa riga?

Ana saura 'yan kwanaki a je zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Nijar ranar 21 ga Fabrairun 2021, hankalin kowa ya tattara kan Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane. Sai dai a lokacin akwai sakamakon da tuni ya fito, wanda ko wa ya hau kujerar mulki da shi zai yi zama: na majalisar dokoki. Alƙaluman wucin gadi da hukumar zaɓe ta CENI ta bayar na zaɓen 27 ga Disamban 2020 sun ba jam'iyyar da ke mulki a lokacin, PNDS-Tarayya, kujeru 80 cikin 166 da aka yi takara a kansu. Mai bi mata, Moden Fa Lumana ta Hama Amadou, ta samu 19. MNSD-Nassara da MPR-Jamhuriya kowace ta samu 13, CPR-Inganci ta tsohon magajin garin Maraɗi Kassoum Moctar ta samu 8, RDR-Canji ta Mahamane Ousmane kuma 7. Wato ta ɗaya ta ninka ta biyu fiye da sau huɗu.

Magoya bayan Tarayya sun karɓi sakamakon a matsayin shaidar cewa jama'a ta gamsu. Hujjarsu ba ta da wuyar fahimta. A 2016 kujeru 75 suka samu, a 2020 kuma bayan kusan shekara goma a kan mulki, lokacin da ya kamata a ce mutane sun gaji da su, sai ma suka ƙara. Suna nuna hanyoyi da gine-gine, a Maraɗi su tuna maka da ayyukan Maraɗi Kwalliya na 2015, sannan su rufe da cewa shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, zai sauka bayan wa'adi biyu ba tare da neman tazarce ba, abin da ba a saba gani a yankin nan ba.

'Yan adawa kuwa sun ce ba ƙauna ba ce, kuɗi ne da ƙarfin gwamnati. Suna tuna cewa kotun tsarin mulki ta hana Hama Amadou tsayawa takara tun watan Nuwamba, cewa sun shafe shekaru suna ƙaurace wa kujerunsu a CENI saboda rashin yarda da yadda aka kafa ta, kuma suna zargin an sayi ƙuri'u an yi aringizo a wasu mazaɓu. Tawagar sa ido ta ECOWAS, wadda tsohon mataimakin shugaban Najeriya Namadi Sambo ya jagoranta, ta ce gaba ɗaya zaɓen ya gudana cikin lumana. Wannan bai kashe muhawarar ba, domin lumana a ranar zaɓe daban, adalci a watannin da suka gabace ta daban.

Abin da ɓangarorin biyu ba su cika son tsayawa a kai ba shi ne lissafi. PNDS ta samu wajen kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'un 'yan majalisa, amma ta tashi da kashi 48 na kujeru. Ma'ana, cikin mutum goma da suka jefa ƙuri'a, shida ba su zaɓe ta ba. Tazarar ta fito ne daga yadda dokar zaɓe ta lokacin ke raba kujeru: kowace jiha mazaɓa guda ce, ana raba kujerunta gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, kuma idan aka zo rabon ragowar kujerun da ba wanda ya cika adadinsu, ƙa'idar da ake bi tana fifita babbar jam'iyya. Ƙananan jam'iyyu gommai da suka tsaya, kowace ta yagi dubbai kaɗan ba tare da ta kai ga kujera ba, a aikace Tarayya suka yi wa noma.

Sannan ga rarrabuwar manyan gidaje. Lumana daga MNSD ta fito a 2009, MPR ta Albadé Abouba ma daga can ta ɓalle a 2015. Idan aka haɗa kujerun 'ya'yan tsohuwar jam'iyyar Tandja Mamadou guda uku, 45 ne, kuma da a jerin suna ɗaya suka tsaya da sun wuce haka. CDS-Rahama da ta taɓa riƙe Damagaram da wani babban yanki na Maraɗi ta tarwatse: RSD-Gaskiya ta Cheiffou Amadou ta fita a 2004, CPR ta fito daga cikin RSD, shi kansa Mahamane Ousmane ya rasa jam'iyyar da ya kafa. PNDS ma ta yi nata rashin lokacin da Ibrahim Yacouba ya kafa MPN Kishin Ƙasa, amma gangar jikinta ba ta tsage ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma an yi shekara goma ana zargin masu mulki da taimaka wa bangayen abokan hamayyarsu wajen tsagewa.

To ina Madarunfa a cikin wannan lissafi? Gundumar tana kudu da birnin Maraɗi, tana iyaka da jihar Katsina ta wajen Jibiya, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. A ƙidayar 2012 tana da mutum kusan dubu 450 daga cikin miliyan 3.4 na jihar Maraɗi. A zaɓen 2020 jihar na da kujeru 31, ban da kujera ta musamman ta Bermo. Idan da gunduma-gunduma ake yi, Madarunfa za ta tashi da kamar huɗu nata na kanta. Ba haka aka yi ba. Manomin zogale a Jiratawa da masunci a bakin tafkin Madarunfa jam'iyya suka dangwala wa, jerin sunayen kuma ya haɗa 'yan takara daga Dakoro, Tasawa, Mayahi, Gidan Rumji da sauran sassan jihar. A wancan tsarin mai zaɓe ba shi da damar cewa wane nake so, wane ba na so. Shugabannin jam'iyya ke yanke wanda zai zauna kan kujerun da aka samu. Gaskiya ne jam'iyyu kan duba yawan ƙuri'un da kowace gunduma ta kawo kafin su raba, shi ya sa ake jin ana cewa ɗan majalisar wuri kaza. Amma wannan al'ada ce ta cikin gida, kuma wanda ya ba ka yau shi zai iya hana ka gobe.

Tsarin mulkin 2010 ya ƙara ɗaure igiyar. Ɗan majalisar da ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa nan take, mataimakinsa ya gaje shi. An yi wannan ne don maganin masu sauya sheƙa, kuma ya yi amfani ta wannan fuskar. Sai dai sakamakonsa shi ne duk ɗan majalisa mai hankali ya san wanda zai ɓata wa rai ya kwana lafiya da wanda ba zai iya ba. Mutanen Gabi ba za su iya tsige shi ba. Ofishin jam'iyya a Yamai kuwa zai iya share sunansa daga jerin zaɓe na gaba ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. A jam'iyyar da ke da kujeru 80, muryar mutum ɗaya ba ta da nauyin da za a lallashe shi, don akwai 79 da za su ɗaga hannu ko da shi ko babu shi.

Wannan ba zancen malaman jami'a ba ne ga mutanen da ke kwana da ido ɗaya a ƙauyukan da ke kewayen dajin Babban Rafi. Shekarun nan 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina sun mayar da iyakar tamkar babu ita: su kora shanu, su ɗauki mutum, a sayar da gona ko hatsin shekara a biya fansa. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya suka kwararo jihar Maraɗi, suka sauka a hannun talakawan da su ma ba su da shi. Ga kuma rufe iyakar da Najeriya ta yi a watan Agustan 2019, wanda ya durƙusar da Ɗan Isa da duk mai cin abinci a hanyar Maraɗi zuwa Katsina, daga direba har mai tallar ruwa. Da Abuja ta sanar da buɗe iyakoki huɗu ranar 16 ga Disamba, kwana goma sha ɗaya kafin zaɓe, Illela da Maigatari na ciki, Jibiya babu. A watan Fabrairun 2021 an aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma duk inda aka shimfiɗa ƙarfe sai an bi ta gonar wani, sai an yi maganar diyya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa na buƙatar wanda zai tashi a zauren majalisa ya kira minista ya titsiye shi. Tambayar ita ce ko ɗan jam'iyya mai mulki zai titsiye ministan jam'iyyarsa.

Majalisar da aka zaɓa a 2016 ta ba da amsa gwargwado. Ita ce ta amince da dokar kasafin kuɗin 2018 da sabbin harajinta, wadda ta fitar da jama'a kan tituna watanni, har aka tsare jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika. Ita ce a watan Mayun 2020 ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraron wayoyi da saƙonnin mutane da sunan tsaro, 'yan adawa suka ƙi shiga ƙuri'ar. Duk mai aika saƙon murya ta WhatsApp daga Legas ko Agadas zuwa gida ya kamata ya san da wannan doka. Badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro kuwa, inda binciken farko ya ambaci asarar sefa miliyar 76, ba majalisa ce ta tono ta ba, sufetocin soja ne, kuma labarin ya fito ne bayan an rasa soja 71 a Inates da 89 a Shinagodar. Majalisa mai 75 ke nan. Babu dalilin zaton mai 80 za ta fi ta tsaurin ido.

'Yan Nijar mazauna waje su ma suna da nasu ƙorafin, kuma nasu ya fi fitowa fili. Doka ta ware musu kujeru 5 cikin 171, sun kuma zaɓi wakilansu a 2016. A 2020 CENI ta ce annobar korona ta hana ta yi musu rajista, don haka ba su zaɓi shugaban ƙasa ba, kujerunsu biyar kuma suka zauna wayam a lokacin. Ɗan Madarunfa da ke ci-rani a Kano, Kwatano ko Abijan, wanda kuɗinsa ne ke sayen taki da biyan fansa idan ta ɓaci, a lokacin ba shi da wakili a gida ta hanyar gundumarsa, ba shi da shi a waje.

Kafin zagaye na biyu kujerun nan 80 sun zama makamin yaƙin neman zaɓe. Tun da Seini Oumarou da Albadé Abouba suka bayyana goyon bayansu ga Bazoum, PNDS da MNSD da MPR da CPR kaɗai sun haɗa kujeru 114, sama da kashi biyu cikin uku. Saƙon da aka riƙa kai wa masu zaɓe shi ne: in kun zaɓi Ousmane, kun zaɓi rikici. Tsarin mulkin 2010 ya ce idan shugaban ƙasa ba shi da rinjaye a majalisa, dole ya naɗa firaminista daga cikin sunaye uku da masu rinjaye suka miƙa masa. Dattawa sun ga irin wannan zaman 'yan marina a 1995, kuma da shi wannan Mahamane Ousmane ɗin: yana fadar shugaban ƙasa, Hama Amadou na firaminista, Issoufou na shugaban majalisa, aka kai har taron ministoci ya gagara. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka. Magoya bayan Ousmane sun riƙa amsawa da cewa shugaba na da ikon rusa majalisa a sake zaɓe, kuma sun san 'yan siyasar ƙasar nan: inda gwamnati ta karkata, nan inuwa take.

Masu tsoratarwa da 1995 sukan tsallake sauran shafukan tarihin. A watan Nuwamban 1996 'yan adawa sun ƙaurace wa zaɓe, magoya bayan Baré suka kwashe 59 cikin 83, kuma wannan bai hana a harbe shi a filin jirgin Yamai a watan Afrilun 1999 ba. A watan Oktoban 2009, lokacin tazarce, MNSD ta samu 76 cikin 113, ECOWAS ta dakatar da Nijar, bayan wata huɗu Salou Djibo ya kifar da Tandja. Adalci ne a faɗi cewa 2020 ta bambanta: ba wanda ya ƙaurace wa zaɓen, ba wanda ya taɓa wa'adin mulki. Amma su ma waɗancan gwamnatocin sun kalli yawan kujerunsu sun ɗauka jama'a na tare da su, alhali majalisar ta daina kawo musu labarin abin da ake faɗa a kasuwa.

A lokacin, lambar da ta kamata a sa wa ido bayan 21 ga Fabrairun 2021 ita ce ta gyaran tsarin mulki. A tsarin mulkin 2010, wa'adi biyu na shugaban ƙasa yana cikin abubuwan da ba a taɓawa, amma sauran sassa ana iya sauya su ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba idan kashi huɗu cikin biyar na 'yan majalisa suka amince. A majalisa mai mutum 166, wannan na nufin 133, wato 'yan adawa na buƙatar 34 kafin su iya tare hanya. Lumana da RDR da MPN, wadda ta samu 6, sun haɗa 32. Ragowar sai daga ƙananan jam'iyyu, waɗanda su ne aka fi saurin kira a waya ranar da ake rabon muƙaman ministoci.