Ana Yi Mana Aski Ba Ma Nan

Duk wanda ya daɗe a Sabo ya san su. Samari da 'yan mata ne tsaf-tsaf, da katin makaranta rataye a wuya da takardar tambayoyi a hannu. Su tsaya wurin mai shayi, su leƙa layin 'yan canji, su ɗauki hoton kwata da bola da mabaratan bakin titi, kafin la'asar sun hau Micra sun koma. In ka tambaye su me za a yi da amsoshin, wasu su ce aikin kammala karatu ne, wasu su ce gasa za su shiga. To, wannan gasar ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Ga wanda bai sani ba, yadda ake yi shi ne: jami'a ko wata ƙungiya ta fitar da matsala ɗaya da ta dami jama'a, kamar shara, ko cunkoson motoci, ko yaran da ba sa zuwa makaranta. Ɗalibai su haɗu uku-uku ko biyar-biyar, su rubuta gajeriyar takarda mai bayyana tushen matsalar, da matakin da ya kamata gwamnati ta ɗauka, da abin da zai ci, da wanda zai biya. Daga nan su tsaya gaban alƙalai su kare shawararsu cikin 'yan mintoci. Akwai irinta ta duniya, kamar Geneva Challenge da wata cibiyar karatu a birnin Janiba ke shiryawa tun 2014 don masu digiri na biyu. Akwai kuma Hult Prize mai kyautar dala miliyan ɗaya, wadda ta fi karkata ga sana'ar da za ta warware matsalar al'umma, kuma ana yin zagayenta na farko a jami'o'i har da na ƙasar nan.

Ba mu da ja da gasar, abu ne mai kyau. Damuwarmu ita ce yawancin batutuwan da ake gasa a kansu a birane irin Ibadan namu ne, mu kuwa ba ma cikin zauren. Bara, almajirci, 'yan acaba, jigilar shanu, mahauta, tsaftar kasuwa: wa aka fi nunawa da yatsa idan an ambaci waɗannan? Yaron da ya yini ɗaya a unguwarmu zai tashi ya ce mafita ita ce a kwashe, ko a hana, ko a mayar da su bayan gari, a tafa masa. Babu ko mutum ɗaya a wurin da zai ɗaga hannu ya ce: “Ɗan'uwa, in an kai su bayan gari, wa zai bi su can da sadaka? Ka san me ya sa suke dawowa?” Maƙwabtanmu Yarbawa suna da karin magana cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Mu dai namu askin an daɗe ana yi.

Wani zai ce ai wasan yara ne, takarda ce da za ta ƙare a durowa. Mu duba da kyau. Ɗalibin da ya ci gasa yau, shi ne mai ba gwamna shawara bayan shekara goma, shi ne darakta a ma'aikata, shi ne ɗan majalisa. Abin da ya gamsu da shi yana ɗan shekara ashirin da biyu, da shi zai zauna kan kujera. Kuma mun ga yadda shawarar da aka yanke a ofis ke sauka a kan tukunyar talaka. Da aka ce mahautan Bodija su koma sabuwar mayanka a yankin Akinyele a 2018, sai da aka yi arangama. Da Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumominta a 2020, ta ƙara tsaurarawa a 2022, gidaje nawa ne a Arewa suka daina ganin saƙon ƙarshen wata? Ko dokar ta yi daidai ko ba ta yi ba, wannan wata magana ce. Abin tambaya shi ne, wa ya yi magana da yawunmu, da lissafi da hujja, kafin a sa hannu?

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun 1916 aka kafa Sabo. Jami'ar Ibadan ta zo a 1948, mun girme ta da shekara talatin da biyu, kuma daga gadar Mokola zuwa ƙofarta tafiyar 'yan mintoci ce. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna cikinmu, ya rubuta littafi guda a kan cinikin goro da shanu da tsarin masu gida na unguwar nan, aka buga a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mu fa? Yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, sai mu ce ya zo ya riƙe shago. Wanda ya samu ya shiga jami'a, gargaɗinmu ɗaya ne: ka yi karatunka, ban da shiga ƙungiyoyi, ban da surutu. Yarinya kuwa ba a ma kawo zancen. Da hannunmu muka rufe bakin waɗanda za su yi mana magana, sannan mu zauna a majalisa bayan isha'i muna cewa an ware mu.

Alhali 'ya'yanmu suna da abin da kuɗi ba ya saye. Yaron Sabo yana jin Hausa da Yarbanci da Turanci. Ya san sarkin pawa, ya san mai unguwa, ya san inda kwata ke toshewa da ruwan farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai ma matsalar da in ba shi ba, da wuya wani ya ɗauko ta: takardar shaidar asali. An haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, amma ranar neman aiki ko tallafin karatu sai a ce ya je Kano ko Katsina ya karɓo, can kuma a tambaye shi gidan wa ya fito. Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci a sashe na 42, amma rabon muƙamai da gurabe yana bin asalin iyaye. Wannan batu ne da zai iya cin gasa a ko'ina, in an samu mai rubuta shi da ilimi.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na farko, duk ɗalibinmu da ya ga sanarwar irin wannan gasa ya shiga, kuma ya haɗa tawaga da abokan karatunsa Yarbawa da Ibo. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya isa ya koya mana cewa mafitar da ɓangare ɗaya ya rubuta ba ta tsayawa. Na biyu, mu shirya tamu a lokacin dogon hutu. Batu ɗaya a shekara, a fara da magudanar ruwa da shara, tunda ba mu manta ambaliyar Agustan 2011 ba. Alƙalai su haɗa da malamin jami'a, da dattijon kasuwa, da uwa mai sana'a. 'Yan mata su shiga da sunansu. Kyautar kuwa, 'yan canji da dillalan shanu da 'yan goro ba za su rasa abin sayen kwamfuta uku ba; abin da ake liƙi da shi a biki ɗaya ya fi haka. Takardar da ta yi nasara a fassara ta, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa hannu da hannu, a kuma koma bayan wata uku a ji inda aka kwana.

Na uku, baƙin ɗaliban nan masu takardar tambayoyi, mu daina korarsu, mu kuma daina ba su amsar gatse. A zaunar da su a fada, a haɗa kowace tawaga da yaronmu ɗaya, a ce musu sharaɗinmu shi ne su dawo su karanta mana abin da suka rubuta kafin su kai gaban alƙalai.

Iyaye, hutu ya kusa. Wanda ke da ɗa ko 'ya a jami'a ya tambaye shi yau: an taɓa yin irin wannan gasa a makarantarku? Me ya hana ka shiga? Allah Ya sa mu gyara.